Ƙararrawar Dutsen Saniya

Busan, farkon watan Maris

Zuwa ga Inna Sunnye,

Ina gaishe ki cikin ladabi, da fatan sanyin bana bai taɓa miki gwiwoyi ba. Ni ne Pyo Mansik, ɗan marigayiya Jomsun, jikan Cilbok ƙanen mahaifinki. Rabonki da ni tun ranar da aka binne mahaifiyata, da kika ja kunnena kika ce na rame kamar busasshen kifi. Mu nan lafiya. Matata, uwar Minok, tana gaisuwa, 'yarmu Minok kuma ta shiga makaranta, bakinta ya fi jikinta girma.

Kin san aikin jirgin ruwa nake yi. Na daɗe ina mataimakin kyaftin a jiragen kaya, shekarun teku da hukuma ke nema kafin ta ba mutum takardar kyaftin na cika su har da ɗoriya. Jarrabawar rubutu ma na ci, a zama na biyu. Saura abu biyu: jarrabawar baka a gaban tsofaffin kyaftin, da shaidar likita cewa ido da kunne lafiyarsu ƙalau.

Ido ba matsala, ja da kore duk na rarrabe. A kunne aka samu tangarɗa. Wani ɗan ɗaki ne kamar akwati, an liƙe bangonsa da soso, ko tarin wanda ke waje ba ka ji. A sa maka abin ji a kunne, a ba ka maɓalli, in ka ji ƙara ka danna. Ina cikin dannawa sai likita ya buɗe ƙofa.

“Mataimaki Pyo, wasa kake yi da ni?”

Na ce, “Me na yi, likita?”

“Tun ɗazu na kashe na'urar, kai kuwa sai danne-danne kake kamar mai kiran abinci.”

Inna, ba ƙarya nake ba, ƙararrawa nake ji. Bugu uku a rarrabe, sai kaɗawa da sauri, sai kuma bugu uku. Kowane ɗan jirgi ya san ma'anar wannan: jirgi ne ya hau dutse cikin hazo yana sanar da na kusa. Kuma ba daga nesa take zuwa ba. Kusa take, har wuyan hannuna na dama yana amsawa. Tun ranar takan dawo, a kasuwa, a cikin bas, da rana tsaka.

Likitan bai kore ni ba. Ya ce in huta in dawo wata mai zuwa, ya kuma tambaye ni ko a danginmu akwai ciwon kunne, ko na kai. A ɓangaren mahaifiyata ke kaɗai kika rage wadda ta san mutanen da. Don haka na rubuto. Akwai?

Ɗanki,
Mansik

*

Tsibirin Sari, ƙarshen Maris

Mansik,

Na ga takardarka. Ashe ka san hanyar gidan waya. Ina lafiya, gwiwoyi suna nan suna gunaguni amma ba su hana ni shiga ruwa ba, jiya ma mun yi nutso ni da sauran mata, mun fito da kodin teku kwando guda. Ka shafa mini kan Minok. Ka ce wa uwarta kada ta kuskura ta dafa maka miyar ganyen teku kafin jarrabawa, santsi gare ta, zamewa za ka yi. Na sa maka alewa mai danƙo a cikin ƙullin nan, ka ci da safen ranar don sa'a ta manne maka.

Kana tambaya ko akwai. Akwai. Ba ciwon kunne ba ne, ba na kai ba ne. Mazan gidanmu wasu suna jin ƙararrawar nan, mata ba mu ji. Kakanka Cilbok ya ji. Ƙanena Yongdal ya ji, shekara guda cur yana buga ta da sandar cin abinci a gefen kwano, uku, da sauri, uku, har mahaifiyarmu ta riƙa ƙwace sandar. Na yi zaton da mahaifiyarka ta yi aure can cikin ƙasa abin ba zai bi ku ba.

Maganar tana da tsawo, hannuna kuma bai saba da alƙalami ba, ga jirgin wasiƙu yana ta busa a bakin ruwa. Abu ɗaya zan gaya maka yanzu, ka riƙe shi da kyau. In ta kira, kada ka amsa. Ko me za a ce da kai, kada ka amsa mata. Sauran zan rubuto.

Innarka,
Sunnye

*

Busan, tsakiyar watan Mayu

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Alewarki ta iso, Minok ta cinye rabi kafin in ankara. Muna lafiya, sai dai uwar Minok da ke fama da mura. Na jira sauran maganar da kika ce za ki rubuto, shiru, na ce ƙila iska ce ta hana jirgi.

Albishirinki. Na bi shawararki sau da ƙafa. Na koma ɗakin likita, aka rufe ƙofa, ƙararrawar ta zo kamar jira take. Na cije haƙora, na danne ɗan yatsana da ɗaya hannun, ban amsa ba. Ƙarar na'ura siririya ce kamar kukan sauro, ita kaɗai na riƙa bi. Likita ya buga hatimi ya ce, “Ka gani? Gajiya ce. Kunnenka ya fi na kare.”

Jarrabawar baka kuwa ba zan manta da ita ba. Tsofaffi uku a bayan dogon tebur, ba mai murmushi. Sun juya ni kamar kifi a kan wuta: yadda ake loda kaya kada jirgi ya karkata, abin yi in wuta ta tashi a ɗakin inji, wa ke kauce wa wa in jirage biyu suka fuskanci juna. Can sai na tsakiya, mai farin gira, ya ɗauki fensir ya ƙwanƙwasa kofin shayinsa. Uku, da sauri, uku.

“Kana cikin hazo ka ji wannan. Mene ne?”

Na amsa tun bai ajiye fensirin ba.

Ya ce, “Kai, ka taɓa jinta a teku ne?”

Na ce, “A'a, ranka ya daɗe.”

“To me ya sa kake riƙe da wuyan hannunka?”

Ban san na riƙe ba. Na saki. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sa hannu.

Takarda ta fito, Inna. Kyaftin Pyo Mansik. Uwar Minok ta sa ta a gilashi, abokina Gwak da muka yi karatu tare ya sa na saya wa rabin unguwa giyar soju. Kamfani ya ce zai ba ni ƙaramin jirgin siminti mai suna Conghak, wanda ke zirga-zirga daga Mokpo zuwa tsibirai, ta yankinku ke nan. Jikan masunci ya zama kyaftin. Ki zuba wa kakanni ruwa ki gaya musu.

Ƙararrawar tana nan. Na koyi zama da ita, kamar maƙwabci mai yawan surutu.

Mansik

*

Sari, watan Yuni

Mansik,

Ina fata kuna lafiya, murar matarka ta sake ta. Ni kwanciya na yi, zazzaɓi ya riƙe ni makonni, shi ya hana ni rubutu. Na tashi na tarar da takardarka, da na karanta na so in koma in kwanta.

Kai wane irin kunnen ƙashi ne da kai? Wa ya ce maka likita nake nufi? Ina ruwana da maɓalli? Ni da nake roƙon likitan nan ya kama ka ya hana ka takardar! Kiran teku na ce kada ka amsa. Kada ka karɓi jirgi, abin da nake nufi ke nan.

Ka saurara. Yongdal yana da jirgin kamun kifi mai inji, da 'yar ƙararrawa a gabansa. Shekarar da ya yi yana buga kwano, mu duka mun haddace bugun. Wata safiya hazo ya rufe tsibiri, mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Muna shanya ganyen teku a kan tudu sai muka ji ta, mu mata, karo na farko da kunnenmu. Uku, da sauri, uku. Daga wajen Dutsen Saniya take zuwa, dutsen nan da ke nutsewa in ruwa ya cika. Mahaifiyarmu ta saki kwando ta ce, “Wannan hannun Yongdal ne.” Kafin maza su sa jirage a ruwa su lalubo wurin, ta yi shiru. Katako kawai muka samu.

Kakanka ma haka, sai dai shi igiyar ruwa ta jefo shi gaɓa da rai. Shi ya gaya mini da bakinsa, bayan ya tsufa, cewa ba wani ne ke kiransu ba. Ƙararrawar da za su buga da hannunsu ce suke ji tun ranar ba ta zo ba. Ka ce wuyan hannunka yana amsawa. To ka gane?

Ban yi makaranta ba, ban san abin da tsofaffinka uku suka sani ba. Amma na wanke tufafin Yongdal na binne su babu gawa a ciki. Ka mayar musu da jirginsu. Ka zauna mataimaki, ko ka nemi aiki a tudu, ko ka sayar da kifi a kasuwar Jagalci, ba wanda ya taɓa mutuwa da kunya. Ka amsa mini da jirgin farko.

Sunnye

*

Mokpo, watan Yuni

Inna,

Ina gaisuwa a gurguje. Har yanzu ban ji daga gare ki ba, ina fata lafiya. Na bar Busan makonni biyu da suka wuce, in kin aika wani abu can, sai na koma zan gani.

Na karɓi Conghak. Tsohuwa ce, tsatsa ta ci gefenta, na'urar hango hanya tana aiki ne ranar da ta ga dama, amma injinta lafiyayye ne. Mu goma sha biyu ne a ciki. Ranar farko ina zagayawa da shugaban ma'aikatan bene, wani dattijo mai suna Ma, mai haƙoran azurfa, muka zo gaban jirgi inda ƙararrawa ke rataye. Na ja igiyar sau ɗaya don in gwada.

Inna, ita ce. Tana da 'yar tsaga a leɓe, muryarta na karyewa a ƙarshe. Ko cikin dubu zan gane ta.

Dattijo Ma ya ce, “Kyaftin, lafiya? Ka yi fari kamar awarar tofu.”

Na zauna a kan igiyoyi. Amma da na yi tunani sai hankalina ya kwanta. Ashe jirgina ne yake kirana tun kafin a ba ni shi. Rabo ne, ba ciwo ba.

Ranar kasuwar Sari ta farkon watan gobe za mu wuce ta wajenku da hantsi. Hanyarmu tana can waje, amma zan ɗan matso ta gefen Dutsen Saniya in busa miki ƙaho sau biyu. Ki hau tudu ki ga busasshen kifinki da hular kyaftin.

Mansik

*

Busan, watan Nuwamba

Inna,

Ina durƙusawa in gaishe ki, ke da dukan matan Sari. Na ji an ce kafaɗarki ba ta daina ciwo ba tun ranar hatsarin, ga man zafi nan na aiko. Dattijo Ma ya fara takawa da sanda. Ki yafe mini shirun watannin nan, na rasa ta inda zan fara.

Wasiƙarki ta watan Yuni a kan teburina na same ta, bayan komai ya wuce. Uwar Minok ta ajiye mini ita ba ta buɗe ba.

Ranar ba mu samu zama ba, kin ga ƙarshen abin ne kawai, ba ki ga farkonsa ba. Tun da safe hazo ya sauko, na'urar hango hanya ta mutu. Na rage gudu, amma ban fasa matsowa ba, na yi miki alkawari. Sai ƙararrawar ta taso a kunnena yadda ba ta taɓa yi ba, ta cika mini kai. Na yi abin da na koya a ɗakin likita, na cije na share ta. Mai sitiyari ya juyo yana mini magana, ina ganin bakinsa yana motsi. Daga baya ya gaya wa alƙalai cewa sau uku yana ce mini, “Kyaftin, ba ka jin ruwa yana fashewa a kan dutse?” Ban ji ba.

Da muka hau dutsen, kunnena ya yi tsit. Buhunan siminti sun danne ƙafar dattijo Ma, ba mai zuwa gaban jirgi, sai na je da kaina. Na kama igiyar. Hannuna bai jira ni ba, shi ya san bugun.

Ban gama zagaye na biyu ba na ga hancin jirage suna fitowa daga hazo, mata da baƙaƙen kayan nutso suna tuƙi, ke a gaba. Na ɗauka matattu ne suka zo tarbarmu, sai na ji kin ce, “Sauko, kyaftin ɗin banza, ruwa na cikowa!” Wata daga cikinsu ta gaya mini tun asuba kika hana kowa zuwa kasuwa, kika sa suka zauna a kan ruwa suna jira. Mutum goma sha biyu, ba wanda ya rasa ransa. Ban san yadda ake gode wa irin wannan ba.

Kotun harkokin teku ta zauna. Na faɗa musu na kauce hanya don in gaida 'yar uwata, na faɗa musu abin da na yi a ɗakin likita. Suka sa aka sake gwada kunnena, aka ga ba abin da ya same shi. Suka rubuta kuskuren sabon shiga, suka dakatar da takardata na wata shida. Kamfani yana fama da ƙarancin masu takarda irin tawa, manaja ya kira ni ya ce in wa'adin ya cika akwai sabon jirgin fasinja da za a sa a hanyar tsibirai, mai ɗaukar mutum ɗari uku.

Watanni uku na yi kunnena shiru. Na yi ƙiba, na kai Minok makaranta kullum. Sai ranar nan, ina zaune a shagon aski, ƙararrawa ta dawo. Ba waccan ba ce. Wannan babba ce, muryarta mai zurfi, ba tsaga. Hannuna kuma ba ya amsawa. Daga nesa nake jinta, ta kan ruwa, kamar ina tsaye a wani wuri ita tana wani.

Washegari na cire takardar daga gilashi na kai ofishin hukuma na ce su soke ta. Akawun ya yi ta juya ta, ya ce bai taɓa ganin wanda ya dawo da ita da ƙafarsa ba. Uwar Minok ta yi kuka. Yanzu ina aikin awon kaya a tashar jirage.

Na zaci shi ke nan, amma ba ta daina ba. Abokina Gwak aka ba jirgin fasinjan. Makon jiya ya kai ni in gani, na faki idonsa na taɓa ƙararrawar da zoben hannuna. Ita ce, Inna.

Na gaya masa duka. Ya saurare ni har ƙarshe, ya dafa kafaɗata ya ce, “Mansik, kai ka taka dutse, yanzu kowane ruwa dutse ne a wurinka. Zo mu ci gasasshen nama.” Na je wurin manaja, ya ba ni shayi ya raka ni ƙofa. Wa zai tsayar da jirgi saboda kunnen mutumin da ya nutsar da nasa?

Da bazara zai fara aiki. Ba ni da takarda, ba ni da jirgi, kuma ina jinta yanzu haka da nake rubutun nan. Me zan yi?

Mansik

*

Sari, watan Disamba

Mansik,

Man zafinka ya iso, yana wari kamar mushen kifi amma yana aiki. Muna lafiya. Matan suna tambaya ko kyaftin ɗinsu ya koyi iyo.

Na sa an karanta mini takardarka sau biyu, don idona ya fara gajiya. A gidanmu ba a taɓa samun wanda ya ji ta sau biyu ba, don haka ba ni da wanda zan tambaya. Abin da ka rubuta kawai zan bi. Ka ce hannunka ba ya amsawa, ka ce daga nesa take, ta kan ruwa. To wannan karon ba kai ke bugawa ba. Kai ne a tsaye kana saurare. Na san tudun da ake jin abu haka daga kansa, a kansa na tsufa.

Mutum goma sha biyu mun iya, mu tsofaffin mata da jiragen tuƙi. Ɗari uku ba za mu iya ba. Na yi magana da mai unguwa da masu jiragen inji na tsibiran nan uku. Ba su yi dariya ba, sun ga abin da ya faru. Sun ce za su fito, amma suna son wanda ya san yadda babban jirgi ke karkata, da ta inda ake sauke mutane, da wanda zai ce musu yau ce.

Ka ci gaba da damun Gwak, ƙila ya riƙa rage gudu ko don ya huta da bakinka. Amma kafin hazon bazara ya fara, ka tattaro ka zo. Ɗakin Yongdal yana nan, na share shi. Akwai makaranta a nan in za ka zo da Minok da uwarta. Na sa an gyara maka jirgin maƙwabcina da ya rasu bara, injinsa ƙarami ne amma ba ya gardama. A nan ba wanda zai tambaye ka takarda.

Ka zo da takalman roba, naka na birni ba za su yi ba.

Innarka,
Sunnye